Tammar da Aka Huda a Kasuwar Tibiri

Ina yankan yadi a shagona na Sabon Gari, da hantsi, wani manomi daga Jiratawa ya tsaya a ƙofa, ƙafafunsa duk laka. Bai shigo ba. Ya ce, "Kai ne ƙanen Lawali? Sai haƙuri. A bakin rijiyar lambu muka ishe shi, Allah ya yi mishi cikawa." Bana shekara arba'in ke nan da wannan hantsi, kuma har yanzu in na ɗauki almakashi nakan tuna shi.

Yaya Lawali ba manomi ba ne tun asali. Mai awon gyaɗa ne a kantin wani Nasara a nan Maraɗi, zamanin mulkin Faransa. Aikin awo aikin yarda ne. Manomi bai iya karanta sikeli ba, fuskar mai awo yake karantawa. Mutanen ƙauye sukan wuce sikeli biyu da jakunansu su jira nasa, ko da rana za ta yi musu.

Da Nasaran zai koma ƙasarsu, ya kira Yaya ya ba shi tamma guda, ƙwandalar ƙarfe ta faran ɗaya, a cikin ɗan akwati mai laushin ciki. Zanenta irin na kowace tamma, kan barewa da komai, amma ta fi nauyi, tana ƙyalli kamar madubi. Ya yi masa bayani da Faransanci, Yaya ya ji rabi ya bar rabi. Abin da ya gane shi ne kyautar girmamawa ce.

A lokacin matarsa Rabi tana gidan iyayenta a Tibiri, ta haifi ɗansu na fari. Yaya ya ce kuɗin da ya fi daraja shi ya kamata ya shiga goron suna, don yaro ya tashi da albarka. Ya fitar da ita daga akwatin ya haɗa da sauran kuɗinsa. Mu a wurinmu kuɗi na kashewa ne. Ba mu taɓa jin ana buga kuɗi don a ajiye a riƙa kallo ba.

A kasuwar Tibiri mai goron ya auna ta a tafin hannu, ya buga ta a kan dutse, ya ji ƙararta daban. Ya ɗaga murya.

"Jama'a ku taho ku ga tamma mai ƙiba! Malam Lawali, wa ya toya maka wagga?"

"Nasarana ya ba ni, wallahi."

"Nasara ya ba ka, shi kuma ya hau jirgi, ko? Madalla da shaida."

Aka yi dariya. Sarkin kasuwa ya zo ya duba, ya ga wani ɗan rubutu ƙanƙane wanda babu a jikin tammar kowa. Ya yi abin da aka saba yi wa kuɗin jabu: ya ɗora ƙusa, ya huda ta a tsakiya don kada ta sake cutar wani, ya miƙa wa Yaya. Bai kira gardin gwamnati ya kama shi ba, don mutuncin surukan Yaya. Aka yi suna, aka sa wa yaro Hamisu, amma maganar tammar ta fi sunan yawo.

Kakar gyaɗa ta gaba jakuna suka fara wuce sikelinsa. Ba wanda ya zage shi. Cewa kawai suke, mai jabu a aljihu, wa ya san abin da ke ƙarƙashin sikelinsa. Sabon mai kantin ya ga layinsa babu kowa, ya sallame shi. Ya koma Jiratawa ya kama noman albasa a fadama. Ya daina zuwa kasuwa. In na kai masa ziyara ba ya tada zancen, sai dai in ya sayar da albasa yakan ƙara wa mai saye fiye da ƙima, har Rabi ta yi faɗa.

Bayan rasuwarsa Rabi ta ba ni tammar a ƙulle cikin tsumma. Shekaru da yawa suka wuce kafin wani mai sayen tsofaffin kuɗi ya zo Maraɗi daga Yamai. Na kai masa. Ya sa gilashi a ido, ya nuna mini alamu biyu, ɗan ƙaho da ɗan fiffike, ya ce gidan buga kuɗi na Faransa ke sa su, kuma suna jikin tammar da kowa ya kashe. Ɗan rubutun nan kuwa ma'anarsa gwaji. Irinta kaɗan ake bugawa, da ƙarfe mai nauyi, don manya da masu tara kuɗin ajiya. Ya girgiza kai ya ce, "Baba, wannan ta fi ta kasuwa zama ta gaskiya. Wa ya huda ta? Ya kashe ta."

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga Maraɗin yau, inda ɗan kabu-kabu ke jefa canji a aljihu ko dubawa ba ya yi, alhali ɗan ƙahon nan yana jikin ƙwandalar dala da ke hannunsa. Ina jin abu ɗaya zai yi. Zai tambaya ko mutanen Tibiri sun ji.

Ba su ji ba. Mai goron ya rasu, sarkin kasuwa ya rasu, Rabi ma ta bi su. Hamisu ya tashi yara suna kiransa ɗan mai jabu, da ya girma ya ƙetare iyaka, bai cika waiwayar gida ba. Na aika masa da bayanin ta bakin wani direba, amsa ba ta zo ba.

Abin da ya saura na Yaya shi ne ƴan tsofaffi a Jiratawa da ke tuna albasarsa ba ta taɓa gazawa a awo ba, sai wannan ƙarfe mai huda da ke cikin akwatin keken ɗinkina. Allah ya jiƙansa, ya sa awonsa ya yi nauyi ranar da za a auna kowa. Har yau ba a tsaya a kasuwar Tibiri an faɗa a gaban jama'a cewa kuɗin Lawali na gaskiya ne ba.