Hadarin Yamma a Amsterdam

Dungas zuwa Yamai

Mun bar Dungas ranar Litinin da ƙarfe biyar da rabi na asuba, ni da taubashina Iro, kowa a bayan ɗan kabu-kabu da jakarsa a cinya. Iro ɗan gwaggona ne, ya girme ni da shekara goma sha biyu, kuma shi ne shugaban ƙungiyar manomanmu. Shi aka gayyata ƙasar Holan taron kwana uku kan ruwan lambu. Ni malamin lekol ne, wato makarantar boko, shi ya sa ake kirana Mushe, an haɗa mu don in yi masa tafinta, ko kuma, kamar yadda yake gaya wa mutane, don in riƙe masa jaka.

Wanda bai san Iro ba, ga abin da aka san shi da shi. Daga Dungas har Dogo-Dogo, a da ba a fitar da iri sai an ji ta bakinsa. Yakan tsaya bayan gari da la'asar, ya dubi gabas, ya shaƙi iska, ya ce a shuka ko a dakata. Amma samari sun koma duba meteyo, wato hasashen yanayi, a waya, bara kuma ya ce a shuka, ruwa ya ɗauke, iri ya ƙone a ƙasa. Tun daga nan masu zuwa ƙofar gidansa suka ragu. Abin yana cin sa, ko da yake ba ya faɗa.

Ƙarfe bakwai da kwata muna Magarya. Muka sha shayi da burodi na dala sittin sittin, muka shiga motar Damagaram, mutum bakwai a mazaunin mutum huɗu. A shingen farko jandarma ya duba takardunmu ya ce, "Baba, ina zuwa?"

Iro ya ce, "Holan."

Jandarma ya dubi motar, ya dubi akuyar da aka ɗaure a samanta, ya ce, "A wannan? To, Allah ya kai ku."

Mun kwana a Damagaram wajen 'yan'uwa. Da asuba muka hau babbar bas, kilomita wajen ɗari tara, ba mu ga Yamai ba sai bayan isha'i. Kwana biyu muka yi can, sannan muka hau abiyo, wato jirgin sama, ta Istanbul. Iro bai taɓa abincin jirgi ba, goshinsa na manne da taga. Da muka ratsa gajimare muka fito ta samansa, sai ya taɓo ni ya ce, "Mushe, shekara hamsin ina kallon cikinsa, ashe haka bayansa yake."

Amsterdam, a ƙafa

Wadda ta tarbe mu Madam Anika ce, wata dattijuwa da ta yi shekara shida a Damagaram tana aikin rijiyoyi. Tana jin Faransanci, Hausarta kuma ta ishe ta gaisuwa da ciniki. Labarin taro na bar wa rahoton ƙungiya. Abin da zan ba ku shi ne na rana ta huɗu, da ta ce za ta zaga da mu tsohon gari a ƙafa, mu ƙare a babban gidan da suke ajiye zane-zanen kakanninsu.

Ƙarfe tara ta zo otel da laima uku. Ta ce wayarta ta nuna ruwa kafin sha ɗaya. Iro ya fita bakin titi da sabuwar shaddarsa, ya tambaye ta ina gabas. Ta nuna masa. Gabas tas take. Can yamma ne aka yi baƙi ƙirin.

Ya ce, "Madam, ajiye laimarki. Wancan hadarin yamma ne, ya riga ya wuce mu. Waya ba ta taɓa shuka gero ba."

Ni ma na goya masa baya, don ko ɗan aji ɗaya a Dungas ya san hadari daga gabas yake tasowa ya nufi yamma. Wanda ka gani a yamma rabon wasu ne. Madam Anika ta yi murmushi, ta mayar da laima biyu, ta riƙe tata.

Garin nan an yanka shi da hanyoyin ruwa kamar fangalin lambu, kuma da hannu aka haƙa su, shekara wajen ɗari huɗu da suka wuce. Kowace hanya da bishiyoyi a bakinta, da gada bayan gada. Gidajen na jan bulo ne, dogaye, sirara, manne da juna, wasu sun sunkuyo gaba kamar za su gaishe ka. Kowane da ƙugiya a ƙoli, don matakalarsu ba ta ɗaukar gado ko buhu, sai a jawo kaya da igiya a shigar ta taga. Tagogin kuwa ba labule. Kana tafe kana ganin mutum yana karin kumallo, mu dai sai sunkuyar da kai muke yi.

Iro ya tsaya a gada ta uku ya daɗe yana leƙen ruwa. Ya ce, "Mushe, tambaye ta. Duk wannan ruwa, ba wanda ya dasa ko tumatir a bakinsa?" Ta ce su wahalarsu ita ce korar ruwa, ba nemansa ba. Ya girgiza kai, ya ce Allah mai rabo. Kafin ya rufe baki wata tsohuwa a kan keke ta kusa kwashe shi, ta wuce tana kaɗa ƙararrawa ko waiwaye babu. Gaba kaɗan Madam ta saya mana kifi da albasa a wata rumfa, ero huɗu, wato jika biyu da rabi har da ɗoriya. Iro ya juya shi ya ce a mayar wa mai shi, ya manta bai dafa ba.

Sha ɗaya saura minti ashirin, muna tsakiyar wata gada, ba rumfa ba zaure, ruwa ya sauko. Ba iska mai ƙura, ba tsawa, ba wata sallama. Madam ta buɗe laimarta ta ce mu shigo, amma laima ɗaya ba ta ɗaukar Baturiya da babbar riga biyu. Kafin mu kai wata inuwa, shaddar Iro ta manne masa a jiki, hularsa ta kwanta.

Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce masa da wasan taubashi, "Bawana, wannan ai sai ranar kasuwar Dungas. Zan hau kan amalanke in ba da labari, sarkin hadari ya sha duka a hannun hadarin da ya wuce."

Tun muna yara ban taɓa jifan Iro da magana bai rama da biyu ba. Ran nan kuwa sai ya matse hularsa ya mayar kawai. Nan dariyar ta fita raina, kunya ta kama ni. Na san in labarin nan ya isa gida ta bakina, ɗan sauran girman da ya rage masa ya tafi.

Gidan zane-zane

Mun isa da tsakar rana, bayan tafiyar kilomita uku ko fiye, takalma na fitar da ruwa. Madam ta ce yawancin abin da za mu gani an zana shi ne a zamanin da aka haƙa hanyoyin ruwan nan, lokacin da fataken garin suka yi arziki da jiragen ruwa. A wasu ƙasashe sarakuna da coci ke sa a yi zane. Su kuwa nan har mai burodi da mahauci sukan saya su rataya a ɗaki, shi ya sa masu zanen suka koma zana abin da kowa ya sani.

Haka kuwa muka tarar. Ga attajirai da baƙaƙen huluna, kowa da farin abu zagaye da wuya kamar ya zura kansa a faifai. Ga mai sayar da kifi, ga mashaya, ga wata mata tana zuba madara a kasko, hasken taga a goshinta, har ka ji kamar ka yi mata sannu da aiki. Ga shanu masu ƙiba, waɗanda Iro ya ce ko dai mai zanen ya ƙara musu, ko ba su taɓa ganin rani ba. Na ji daɗi da ya yi maganar, don ita ce ta farko tun kan gada.

Sai muka shiga wani ɗaki da zane-zanensa kusan duk sama ce. Ƙasa 'yar kaɗan a gindi, sauran duk gajimare. Madam ta ce ƙasarsu shimfiɗe take, ba dutse ba tudu, in mutum ya ɗaga kai abin da zai gani ke nan. Iro ya tsaya gaban wani mai injin niƙa na iska a bakin kogi, da jirgin ruwa mai ƙyalle a kan kogin, da hadari a bayansa. Muka zaga ɗaki biyu muka dawo, yana nan.

Ya ce, "Mushe, tambaye ta, ruwansu daga ina yake zuwa?"

Ta ce daga teku, teku kuma tana yamma.

Ya gyaɗa kai. Ya nuna zanen da haɓa ya ce, "Wannan bai zuba ba tukuna. Dubi ruwan kogin, ya kwanta. Dubi ƙyallen jirgin, ya saki. Iska ta ɗauke ke nan, saura kaɗan. Wanda ya yi wannan ya daɗe yana zama bayan gari." Sannan ya ce, "Shi ga nasa a bango, shekara ɗari huɗu ana kallo. Ni nawa yana cikin kaina, ranar da aka kai ni kushewa an kai shi."

Ban fassara wa Madam wannan ba.

Da muka fito ƙarfe huɗu, ta tsokane shi da Hausarta, "Malam Iro, akwai ruwa?" Ya ɗaga kai ya duba ko'ina, ya ce, "Madam, samaniyar nan ba ta san ni ba, ni ma ban san ta ba. Buɗe laima kawai."

Komawa gida

Hanyar da muka bi ita muka sake bi, kwana huɗu. Mun shiga Dungas ranar Alhamis bayan azahar, aka cika ƙofar gidan Iro. Na riga na yi niyyar in kama bakina. Ana gama gaisawa sai shi da kansa ya ce, "Ku tsaya ku ji yadda ruwa ya yi mini dukan tsiya a garin Nasara." Ya ba da labarin tas, har da hular. Aka yi ta dariya, har da samarin meteyo, shi kuma ya fi kowa.

Da jama'a suka watse ya riƙe ni. Ya ce, "Mushe, wayar nan taka tana ɗaukar hoto, ko? Daga gobe, kullum la'asar ka same ni bayan gari da kaye, littafin nan naka na rubutu, da biro. Ka ɗauki gabas, in faɗi abin da na gani, ka rubuta a ƙasa. Washegari ka rubuta abin da Allah ya yi."

Na ce, "In ka faɗa ba daidai ba fa?"

Ya ce, "Shi za ka fara rubutawa, da manyan baƙaƙe."

Mun gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, mun gode wa Madam Anika da 'yan ƙungiya da suka riƙe mana gida. Yau kwanan mu goma sha tara muna fita. Ya ci sha shida, ya faɗi uku, kuma duk ukun suna cikin kaye.