Ranar da Na Kasa Ɗagowa Daga Ruku'u

A raka'a ta uku ta sallar La'asar abin ya same ni, a masallacin layinmu a Unguwar Sanusi. Na yi ruku'u lafiya lau. Da liman ya ɗago, sahu duka ya ɗago, ni kuwa na kasa. Wani abu ya riƙe mini ƙugu kamar an ɗaure shi da waya, zafin ya gangara ta cinyar hagu har diddige. Mutane suka tafi sujada suka bar ni a sunkuye, gumi yana ɗiga daga hancina. Da ƙyar na durƙusa na ƙarasa sallar a zaune.

Nan take mahaifina ya faɗo mini a rai. Shi ma da ciwon baya ya fara. Ya koma salla a kujerar roba a ƙarshen sahu, daga baya kujerar ma ta gagare shi, ya shekara uku a kwance, ni da ƙanena muke juya shi. Ni kuwa shekaruna arba'in da bakwai a ranar da abin ya same ni, autata ko firamare ba ta gama ba.

Wani dattijo maƙwabcinmu ya riƙo ni zuwa gida. A hanya yake cewa, "Malam, girma ne ya zo, sai haƙuri." Lallashi yake yi, amma ji na yi kamar an yanke mini hukunci.

Kwana huɗu na yi a tabarma. Matata tana gasa mini bayan da ruwan zafi, idan ta fita sai in motsa yatsun ƙafata in ga ko suna jin magana. Ban gaya mata na hagun sun fara sagewa ba.

Rana ta biyar shugabar makarantar da nake koyarwa a unguwar Nasarawa ta zo duba ni. 'Yar kudancin Kaduna ce, ta girme ni da fiye da shekara goma, Mama muke ce mata. Ta zauna a ƙasa kusa da ni ba tare da ta dafa komai ba.

"Mama, tsufa ne ya kama ni," na ce.

"Tsufa? To ni fa? Jiya na nome gyaɗata a bayan gidana a Unguwar Boro. Tashi, Malam, ga mota a waje. Asibiti za mu."

Aka ɗauki hoton bayan. Likita ya ɗaga shi a haske, ya nuna wasu wurare biyu da biro ya ce ƙashin ya fara nuna shekaru. Na ba shi labarin mahaifina, na tambaye shi ko ni ma kwanciyar zan yi.

Ya buga mini gwiwa, ya sa na taka da diddige, ya tambaye ni ko ina iya riƙe fitsari. Sannan ya ce, "Da za a ɗauki hoton sa'o'inka, da yawa haka za a gani, kuma babu abin da ke musu ciwo. Shekaru suna da hannu a ciki, amma ba su kaɗai ba ne. Me kake hawa zuwa aiki?"

Na ce babur, kullum, cikin ramuka. Makin takardun jarrabawa kuma a benci nake yi, a duƙe, awa uku ban tashi ba. Ya kalli tumbina.

"Mahaifin nawa fa, likita?"

"Ban gan shi ba, ba zan iya ce maka ga abin da ya same shi ba. Kai dai idan ƙafar ta yi rauni, ko fitsari ya fara kufce maka, kada ka jira gobe, ka taho."

Na so ya ce mini babu komai, bai ce ba. Ya rubuta magani, ya tura ni wurin masu koyar da motsa jiki, ya hana ni yawan kwanciya.

Sai da aka yi kusan wata biyu zafin ya lafa, yatsun suka dawo daidai. Na samu kujera mai jingina a ofis, ina tattaki kowace safiya kafin rana ta yi zafi. Amma tsoron bai gama sakina ba. Har yau idan atishawa ta taso mini a tsakiyar darasi, sai na ajiye alli na dafa tebur da hannu biyu, ɗalibai suna dariya.