Katin Garba Huɗu

Kakarmu Inna Tumba, mutunniyar Gatawa ta, amma garin Isa munka tashi hannunta. Ita ba ta jiran dare ya raba. Da an sallame magariba, tukunyar tuwon dawa na bisa murhu, sai ta tattara mu jikokinta gindin wuta. Ni take sa wa ido, don ni na mijinta na wasa, kuma ta san ni da tsoron magani. In ta ce tatsuniya ta iso a ba ta tabarma, sai kowa ya gyara zama.

Wadda ba ni mantawa ita ta ta wani bafatake da yat tahi wani gari bayan gulbi bakwai. Garin ga, duk baƙon da za ya shiga sai wata tsohuwa ta ba shi jiƙo mai ɗaci ya shanye bakin ƙohwa, sannan ta ɗiga mishi baban rini ga hannu, shaidar ya sha. Bafatake yag ga mutane na yamutsa huska. Yal laɓe bayan jakinshi, yaɗ ɗiga ma kanshi baba, masu gadi sunka duba, sunka buɗe mishi. Mu ko munka hau tahi da dariya, gwani ya ci gari.

Inna ta bari munka gama, sannan tac ce ashe ƙudan garin ba su duban hannu, jini suke shinshina. Kwana ukku sunka gama da shi, jakin kaɗai yak koma gida.

Nic ce a sake, ai mai wayo ba ya mutuwa cikin tatsuniya. Tac ce, "Maigida, masu gadi yar ruɗa. Wa yac ce maka jiƙon nasu na?"

Na girma, na shiga fataucin goro, na taka ƙasashe har ba ni iya jera su. Mu mutanen bakin iyaka, da mun saba tsallakawa Maraɗi awa shiga ɗakin gwaggo, takarda ba ta dame mu ba. Sai can kudu munka iske ba a shiga sai da katin rigakahin ciwon shawara, mai ruwan ɗorawa. To ga al'adarmu, kowa sunan garinsu yake liƙawa bayan nashi, kuma cikin danginmu mu huɗu na Garba, duk 'yan Isa. Guda yay yi ta maza anka soka mishi allura, katinshi yaz zama na kowa, awa rigar aro ta zuwa buki. Ni da gemuna, shekara da shekaru ina ratsa iyaka da allurar da ke cikin hannun wani, har ina ba abokai labari suna dariya.

Garba Ƙarami, ɗan kawuna, da za ya yi tahiyarshi ta hwarko kurmi can kudu, yac ce mini, "Yaya, za ni asibiti gobe a yi min." Ni nah hana shi. Nic ce mi za ya kai shi bin layi ga kati cikin aljihuna.

Ya wuce iyaka lahiya lau. Bayan mako biyu anka sauke shi tashar Sabon Birni, idanunshi sun koma kalar katin, yana aman jini. Likita yat tambaye ni ko an yi mishi rigakahi, ga takarda ta nuna an yi. Ban taɓa sanin sauro ke kawo shawara ba, ni na ɗauka abin duk neman fitina na na masu kaki. Bai kwana huɗu ba.

Ran addu'ar bakwai matarshi ta aiko mini da katin, naɗe cikin tsumma mai tsabta. Tac ce a gaya ma Yaya an gode da aro, Allah shi saka.

Na daɗe ina ganin bafataken nan wawa na da yac cuci kanshi. Yanzu na ga ya hi ni, don shi hannunshi kaɗai yaɗ ɗiga ma baba. Ni an yi min allurar tuni, ko zahi ban ji ba. Abin da ke nan ke nan.