Mai Hanci da Ƙwan Cikin Jinka

Shekara ashirin da shida Mai Hanci ya yi yana gyaran wutar lantarki, kuma duk tsawon wannan lokaci bai yarda da ɗakin jinka ba. Idan aka kira shi aiki, kafin ya buɗe jaka sai ya kafa tsani, ya cusa hanci cikin ciyawar rufin ya shaƙa. Ya ce waya mai shirin cin wuta tana da wari tun kwana uku kafin ta kama. Daga nan sunan ya bi shi.

Dokarsa ɗaya ce: waya ba ta taɓa ciyawa. Cikin bututun roba yake zura ta, ya bi da ita jikin bango, nesa da jinka da haƙorin ɓera. Gida ɗaya ne ya gagare shi, na gwaggonsa, ƙanwar mahaifinsa, wadda har ya yi furfura ba ta daina ce masa yaro ba.

Wata safiya ya je gaishe ta, tun daga ƙofa warin ya doke shi. Ya hau tsani ya ɗaga ciyawa. Can inda aka haɗa wayoyi biyu da tsumma, wurin ya yi zafi rau, ciyawar ta fara baƙi. Kewaye da mahaɗar kuwa ƙwai ne jere, talatin da ɗaya, kowanne da alamar gawayi.

"Gwaggo, mene ne wannan?"

"Sauko mini, yaro, kada ka sa musu sanyi."

Ashe kazarta ce ta gano ɗumin wurin, ta yi ƙwai ta tafi yawonta, ƙwan suka ƙyanƙyashe da kansu. Labari ya bazu, maƙwabta suka riƙa kawo nasu. Yanzu kajin layin duk sun bar kwanci.

"Ɗakin nan ba zai kai jibi ba," in ji shi. "Da ke a ciki zai ƙone."

"Wata huɗu ke nan bai ƙone ba. Kai dai ba ka son ganin abu yana aiki ba da hannunka ba."

Ya roƙa, ya yi fushi, ya ce zai ɗauke ta cak ya kai ta gidansa. Ta ce ya gwada. Da ƙyar ta yarda, bayan ya yi alkawarin sa mata ƙwan fitila cikin tukunyar ƙasa a tsakar ɗaki, ya zama sabon wurin ɗumi. Sharaɗinta kada ƙwai ko ɗaya ya huce yayin da wuta take kashe.

Aka kira masu ƙwai. Mutum goma sha shida suka zauna a tsakar gida, kowa da ƙwai a hammata, sun maƙale hannuwa kamar masu jin sanyi. Har da wanzami, wanda ya bar wani da rabin aski.

"Malam, ka ɗan hanzarta mana," in ji wani tela daga cikinsu. "Kafaɗata ta mutu."

"Ba a hanzarta wuta," in ji Mai Hanci daga saman tsani. Ya zare tsohuwar waya, ya tsige ciyawar da ta babbake, ya ƙwanƙwasa ƙusa ɗaya bayan ɗaya.

Wajen azahar wanzami ya yi ihu: "Jama'a, wani abu yana tsattsage ni!" Ɗan tsako ne ya fasa ƙwai a hammatarsa. Ba wanda ya iya ɗaga hannu ya taimake shi.

Sai da rana ta yi sanyi aka kunna wuta. Gwaggo ta sa aka riƙe mata tsani, ta hau mataki biyu, ta laluba cikin jinka ta ji sanyi ƙalau.

"Ka kashe mini ɗaki," ta ce.

"Na kashe, Gwaggo."

Ya naɗe tsohuwar wayar ya tafi da ita, don ya san halin Gwaggo.