Hanyoyin Jini Biyu a Ƙirjin Baba

Wata Juma'a ce a tsakiyar damina, shekarar da na shiga aji huɗu. Muna tsakar gidanmu a Karshi, ni da Baba kwano ɗaya kamar kullum, yana turo mini busasshen kifi da gefen yatsa. Tari ya sarƙe shi, ya juya ya tofar a gindin gwanda, sai ga jini ja wur. Inna, mahaifiyata, ta fizge hannuna har tuwon ya kife.

Baba direba ne a tashar Utako. Ya taɓa yin tarin fuka tun ba a haife ni ba, ya sha magani ya warke, amma a unguwarmu wanda ya tofar da jini an gama yanke masa hukunci. Washegari Inna ta ɗaura jan zare a hannun kofinsa, ta ware masa kwano, ta mayar da tabarmarsa zaure. Ni ke kai abincin, in dire a bakin ƙofa in juyo ina haɗiye kuka. Ƙawayena ma suka daina carafke da ni.

A asibiti likita ya zana mana huhu a iska da yatsa. Ya ce hanyoyin jini biyu gare shi: babba mai tasowa daga zuciya don ɗaukar iska, da ƙanana masu ciyar da naman huhun kansa, kuma can cikin siraran rassa suke haɗewa. Tabon tsohon ciwon ya toshe wani sashe na babbar, sai ƙananan suka kumbura suna tura jini ta mahaɗar da ƙarfi, har ɗaya ta fashe. "Madam, babu cuta a majinarsa," ya ce wa Inna. "Ku ci abinci tare, ba zai shafa wa kowa ba."

A mota Inna ta ce, "Jini ai jini ne. Ba likita ya haifa mini 'yar ba." Baba bai yi musu ba, shi ma tsoron ya shige shi.

Kafin in gama firamare jinin ya ɓalle sosai, aka kwantar da shi. Na nufi gadonsa, ya ɗaga tafin hannu da ƙyar. "Tsaya nan, Hajara. Kar ki matso."

Yanzu a nan Abuja ana zura siririn bututu a toshe jijiyar, mutum ya koma cikin iyalinsa. Ban ga laifin Inna ba, 'yarta take karewa. Abin da ke ci mini rai har gobe shi ne, Baba ya rasu yana ganin shi ne haɗarina.