Motar da Ba Ta Tashi Sai a Gangare

Lokacin da na bar sana'ar fata a mayankar Agege, na sayi wata tsohuwar danfo, ƙaramar bas ɗin haya, da ta gaji da ɗaukar fasinja. Na cire kujerun baya, na shimfiɗa katifa, na sa risho da labule. Da ita muke zuwa gida Arewa ni da uwargida, inda muka gaji mu tsaya mu dafa shayi.

Wajen shiri kuwa ba a fi ni ba. A ƙarƙashin katifa akwai fambel sabo, jak, sifanu, waya, igiya, da jarkar ruwa saboda lagireto. Abu ɗaya na yi ta ɗagawa, wato gyaran kik. Ba ta tashi da makulli sai an tura. Maimakon in kai ta wurin makanike, sai na haddace gangaren hanya tun daga Ibadan har Kontagora. Ba na kashe ta sai hancinta na kallon ƙasa.

Wata shekara surukina ya zo aka yi masa aikin ido a Idi-Araba. Da ya samu sauƙi na ce ni zan mayar da shi gida. Tsakanina da shi kunya ce sosai, ko abinci ban taɓa ci a gabansa ba. Don haka na roƙi uwargida kada ta faɗa masa halin motar.

Mun wuce Jebba rana ta take, sai ya ce daga kan katifa, “Malam, Azahar ta yi. Ga inuwa can.”

Inuwar mangwaro ce mai kyau, amma wurin a shimfiɗe yake kamar faranti.

“Baba, akwai wani wuri gaba kaɗan.”

“Tun ɗazu kake cewa gaba kaɗan. Tsaya nan.”

Na tsaya da niyyar barin injin yana aiki, sai ya ce in kashe, ƙarar na hana shi nutsuwa. Na kashe. Allah ya gafarta mini, rabin sallar nan tunanin turi nake yi.

Da muka idar na buɗe injin, na fito da sifanu ina taɓa nan ina taɓa can, ko wata mota za ta tsaya. Babu wadda ta tsaya. Uwargida ta gwada turawa ita kaɗai, motar ko motsi. Mutumin da aka yi wa aikin ido, kuma suruki, ta ina zan fara ce masa sauko ka tura?

Uwargida ta matso ta ce ƙasa-ƙasa, “Ba ni sitiyarin, kai ka tura.”

Ta daɗe tana so in koya mata tuƙi ina cewa sai an samu lokaci. Nan a tsaye na nuna mata: taka kuloci, ga giya ta biyu, in na yi ihu ki ɗaga ƙafa. Na tattare babbar riga na sa kafaɗa. Motar ta fara gurgurawa, na yi ihu, ta yi tsalle ta tashi.

Sai a lokacin na tuna ban nuna mata birki ba.

Mota ta kama hanya da matata da surukina, ni kuma ina binta a guje, takalmi ɗaya ya cire, ina kiran “Na tsakiya! Kuloci da na tsakiya!” Can na ga ta yi sanyi ta tsaya, injin bai mutu ba. Ashe Baba ne ya faɗa mata. Ya daɗe yana bin tirelolin shanu zuwa Legas a kusa da direba.

Na iso ina haki. Ya ɗaga labule yana dariya yana dafe bandejin idonsa.

“Malam, tun Agege na lura ba ka sallah sai a kan tudu. Da ka faɗa, ai da mun ƙarasa gaba kaɗan ɗin.”

Ya miƙo mini ruwa a kofinsa, na sha a gabansa ban juya baya ba. Muna komawa Legas na gyara kik, sannan na fara kai uwargida filin makaranta ran Lahadi. Birki na fara koya mata.