Ƙafafun Ƙarfen da Baba Ya Jira

Shekarar da aka tura ni koyarwa lekwal ɗin unguwarmu a Matameye, Baba ya faɗi a gonarsa ta hanyar Ɗan Barto yana cirar gyaɗa. Hawan jini ne. A amalanke aka kawo shi gida, ɓarin jikinsa na dama ya mutu. Magana ta dawo bayan ƴan makonni, ƙafa kuwa ta ƙi.

Mun kafa masa sanduna biyu a tsakar gida, daga ƙofar ɗakinsa zuwa gindin dalbejiya. Kullum da safe sai ya dafa su yana jan ƙafar, ni ina riƙe da ƙugunsa. Har ya kai taku tara.

Wata rana ƙanena da ke karatu a ƙasar waje ya turo mini bidiyo. Wani tsoho ne mai irin ciwon Baba, an ɗaura masa ƙafafun ƙarfe masu batir daga ƙugu zuwa idon sawu, na'urar tana ɗaga masa gwiwa tana ajiyewa. Da murnata na kai wa Baba.

“Sake sa mini, uwata,” in ji shi. Haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa gare ni. Sau biyar ya kalla.

Da muka koma asibiti a Damagaram, ya matsa sai na tambayi lokotoron da ke motsa masa jiki. Mutumin ya amsa mini da Faransanci, a hankali. Ya ce na'urar gaskiya ce, tana taimaka wa ƙafa ta sake koyon taku, amma shi kansa bai taɓa ganin ta da ido ba, kuma bai san inda za mu same ta a kusa ba.

“Me ya ce?” Baba ya tambaye ni.

Na dubi yadda ya ɗago kai, na kasa gaya masa gaskiya. Na ce, “Ya ce ƙafafun suna nan tafe, Baba. Sai haƙuri.”

Tun daga ranar ya daina zuwa wajen sandunan. In na lallashe shi sai ya ce, “Don me zan wahalar da ke? Bari ƙarfen ya iso.” Abokansa na masallaci in sun zo gaisuwa, labarin ke nan. Har ya yi musu alkawarin da ƙafarsa zai je Jumma'a.

Wata huɗu ina neman bakin da zan warware maganata. Ran da na iya, na durƙusa gaban tabarmarsa na ce, “Baba, ƙarya na yi maka. Ba za su zo ba.”

Ya miƙo mini hannun hagu. Sannan ya ce, “To, tashe ni.”

Na kai shi bakin sandunan. Ya kama da hannun hagu, ya yi ta yunƙuri har gumi ya jiƙa masa riga, amma gwiwar ta riga ta sandare. Ko taku ɗaya bai samu ba. Na zaunar da shi ina kuka, shi yana cewa in yi shiru kar Inna ta ji.

Bai taɓa tayar mini da zancen ba. Ya rasu farkon damina, ana shuka. Na sha niyyar in roƙe shi gafara da baki, kullum ina cewa sai ya ɗan ji sauƙi.